Biarritz: zakarar zari-rugar Faransa da ta koma neman mai ceto

A watan Yunin 2025, garuruwa biyu maƙwabta a kudu maso yammacin Faransa, waɗanda tazararsu ba ta kai kilomita 10 ba, sun yi zaman jiran sakamako iri biyu. Mutanen Bayonne sun ɗunguma zuwa Lyon domin kallon ƙungiyarsu ta ƙwallon zari-ruga a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Top 14, inda Toulouse ta doke ta da maki 32 da 25, da kyar da jiɓin goshi. Su kuwa mutanen Biarritz, idonsu na kan wani kwamitin ɗaukaka ƙara na hukumar zari-rugar ƙasar. A watan Mayu hukumar da ke binciken asusun ƙungiyoyi, A2R, ta yanke hukuncin kora Biarritz Olympique daga rukuni na biyu zuwa na uku saboda giɓin da ke cikin lissafinta. Sai da sabon kuɗi ya shigo kafin kwamitin ya sassauta, ya bar ta a rukuni na biyu amma da tarar maki.

Wannan ƙungiya da ake roƙa wa afuwa ita ce ta ɗauki garkuwar Brennus, kambun zakarun Faransa, har sau 5. Ita ce a shekarar 2006 ta lallasa Toulouse da maki 40 da 13 a wasan ƙarshe, a gaban dubban jama'a a Stade de France. Ba wani dogon zamani ba ne, da yawa daga cikin waɗanda suka buga wasan har yanzu ana ganinsu a talabijin suna sharhi.

Ga wanda bai saba da wasan ba: ƴan wasa 15 ne a kowane ɓangare, minti 80, da ƙwallo mai siffar ƙwai da ake runguma a ruga da ita. Da hannu ba a miƙa ta gaba, sai baya ko gefe. Wanda ya dangwala ta a ƙasa bayan layin abokan karawa ya samu maki 5, bugun da ke biyo baya maki 2, bugun tara tsakanin sanduna maki 3. A Faransa akwai Top 14 a sama, sai Pro D2 mai ƙungiyoyi 16, sannan Nationale, inda kuɗin talabijin ke ƙafewa, albashi ya ragu, manyan ƴan wasa su watse. Can ne aka so tura Biarritz.

Garin da bai kai girman sunansa ba

Biarritz ƙaramin gari ne a bakin tekun Atlantika, a yankin ƙabilar Bask, dab da iyakar Sipaniya. Mazaunansa kimanin 25,000 ne. Sunansa ya fi shi girma tun ƙarni na 19, lokacin da sarki Napoleon na III ya gina wa matarsa Eugénie gidan shaƙatawa a bakin ruwa, masu hannu da shuni na Turai suka biyo sahu. Masu bin labaran duniya za su tuna cewa a can aka yi taron G7 na watan Agustan 2019, wanda aka gayyaci wasu shugabannin Afirka, ciki har da Roch Marc Christian Kaboré da ke jagorantar G5 Sahel a lokacin. Gari ne na baƙi da ƴan fansho, kusan gida 4 cikin 10 na mutanen da ke zuwa hutu ne kawai, su rufe su koma Paris ko Bordeaux. Manyan masana'antu babu. Wannan bayani yana da amfani, domin duk abin da ya faru da ƙungiyar daga baya yana komawa gare shi.

An kafa Biarritz Olympique a 1913, bayan haɗewar ƙananan ƙungiyoyi biyu na garin. A 1934 ta kai wasan ƙarshe, kuma Bayonne ce ta hana ta kambun. Ta rama a kan Perpignan a 1935 da maki 3 da nema, ta sake cin ta a 1939. Daga nan shiru na shekara 63.

A cikin wannan dogon fari ne aka samu mutumin da sunansa ya zama ɗaya da na ƙungiyar. An haifi Serge Blanco a Caracas, babban birnin Venezuela, a 1958, mahaifiyarsa ƴar Bask ce ta dawo da shi gida yana ƙarami bayan rasuwar mahaifinsa. Ya buga wa Faransa wasa 93, ya dangwala ƙwallo sau 38, ciki har da wadda ta fitar da Ostareliya a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta farko a 1987. A matsayin babban ɗan wasa bai taɓa sa rigar wani kulob ba sai ja da fari ta Biarritz, kuma bai taɓa ɗaukar garkuwar a matsayin ɗan wasa ba. Wasansa na bankwana shi ne wasan ƙarshe na 1992, Toulon ta ci su 19 da 14.

Serge biyu da shekarun daɗi

A watan Agustan 1995 hukumar zari-ruga ta duniya ta halatta biyan ƴan wasa albashi a fili. Kafin nan wasa ne na sha'awa, aƙalla a kan takarda: ɗan wasa malamin makaranta ne ko manomi ko ma'aikacin gidan magajin gari, kulob ya samo masa aiki ko ya buɗe masa shago. A irin wannan tsari ƙaramin gari na iya riƙe gwanayensa. Lourdes, mai mutane ƙasa da 15,000, ta ci gasar sau 8 tsakanin 1948 da 1968. Béziers ta ci sau 10 tsakanin 1971 da 1984. Da kiɗa ya canza, waɗannan duka suka kasa canza rawa. Lourdes yanzu tana can ƙasa cikin rukunonin ƴan sha'awa, Béziers ta daɗe a Pro D2, Agen mai kambu 8 ta buga wasa 26 a kakar 2020-2021 ba ta ci ko ɗaya ba.

Abin mamaki, Biarritz a wannan lokacin ne ta tashi. Dalilin yana da suna: Serge Kampf, ɗan garin Grenoble, wanda ya kafa kamfanin Capgemini mai harkar kwamfuta, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Faransa. Kampf masoyin zari-ruga ne kuma aminin Blanco. Sunan kamfaninsa ya hau ƙirjin rigar ƙungiyar, kuma idan ƙarshen shekara ya zo aka ga rami a asusu, aljihunsa ake dubawa. Shi kuwa Blanco ya shugabanci kulob daga 1995, sannan a 1998 ya zama shugaban farko na LNR, hukumar da ke gudanar da gasar ƙwararru, kujerar da ya riƙe shekara 10. Ɗaya yana da kuɗi, ɗaya yana da suna da faɗa a ji. Manyan rumfunan ƴan kallo biyu na filin Aguiléra a yau sunayensu suke ɗauke da su.

Da wannan ƙarfi aka tara tawagar da ba a mantawa da ita, ƙarƙashin mai horarwa Patrice Lagisquet: Imanol Harinordoquy, Dimitri Yachvili, Damien Traille, Nicolas Brusque, da Serge na uku, Serge Betsen. An haifi Betsen a Kumba ta ƙasar Kamaru a 1974, ya isa unguwannin gefen Paris yana yaro, ya sauka Biarritz yana matashi, ya yi shekara 17 a can. Aikinsa a fili kayar da mai ƙwallo, kuma ya ƙware har ana yi masa laƙabi da mai lauje, domin ƙafafu yake girba. Ya buga wa Faransa wasa 63, yana da gidauniya da ke taimaka wa yara a Kamaru da karatu da wasanni.

Kambun ya dawo a 2002, an ci Agen 25 da 22 bayan ƙarin lokaci. A 2005 aka ci Stade Français ta Paris 37 da 34, shi ma bayan ƙarin lokaci, sai kuma dukan kawo wuƙa da aka yi wa Toulouse a 2006. A waɗannan shekaru filin gida ya yi wa ƙungiyar kaɗan, manyan wasanninta na Turai sai ta tsallaka iyaka ta buga su a filin Anoeta na San Sebastian a Sipaniya. A lokacin an ɗauki hakan alamar girma, Bask na nan da Bask na can sun haɗu ƙarƙashin tuta ɗaya. Amma akwai wata fassarar: ƙungiyar da ke neman zama zakarar Turai ba ta da wurin da za ta zaunar da baƙinta a gida.

Kofin Turai babba ya kuɓuce mata sau biyu, Munster ta Ailan ta ci ta 23 da 19 a Cardiff a 2006, Toulouse ta ci ta 21 da 19 a 2010. A 2012 ta ɗauki ƙaramin kofin Turai a kan Toulon da maki 21 da 18, duka daga ƙafar Yachvili. Shi ne na ƙarshe. Gwanayen sun tsufa tare, ba a samu magadansu ba, a 2014 ƙungiyar ta ƙare a ƙarshen teburi ta faɗa Pro D2. Kampf ya rasu a watan Maris na 2016.

Zanen aro ba ya rufe katara. A duk shekarun nan na cin kofuna, ba a mayar da nasara ta zama kuɗin shiga mai ɗorewa ba. Yayin da Biarritz ke dogaro da abota, sauran suna gina wani abu dabam: Toulon da Mourad Boudjellal, Montpellier da Mohed Altrad, Racing da Jacky Lorenzetti, Clermont da kamfanin taya na Michelin a bayanta. Yau Canal+ na biyan sama da Yuro miliyan 110 a shekara, wato sama da miliyar 72 na CFA, domin nuna Top 14, kuma kaso mafi tsoka ƙungiyoyin sama ke kwashewa. A kakar 2024-2025 kasafin Toulouse kaɗai ya doshi Yuro miliyan 50. Gaskiya ne akwai dokar da ta ƙayyade jimillar albashin ƴan wasa a kusan Yuro miliyan 11 ga kowane kulob, amma wannan rufi ne ga masu ƙarfi, ƙananan ƙungiyoyi ko kusa da shi ba sa zuwa. Masu bin ƙwallon ƙafar Nijar ba baƙin wannan lissafi ba ne, sun saba ganin kofi na yawo tsakanin ƙungiyoyin Yamai da soja ko kwastan ko wani kamfanin gwamnati ke ɗauke da nauyinsu, na jihohi kuwa suna fama da kuɗin mota.

Auren da aka fasa

Akwai mafita ɗaya da masu lissafi suka daɗe suna nunawa: a haɗa Biarritz da Bayonne su zama ƙungiya ɗaya ta yankin Bask. Gidajen garuruwan biyu sun riga sun haɗe ta garin Anglet da ke tsakaninsu, kamfanonin da ake roƙo su ɗauki nauyi su ne dai, ƴan kallon ma daga yanki ɗaya suke. An taɓa maganar a 2013 ta watse. A 2015, da Bayonne ita ma ta faɗo Pro D2, shugabannin biyu, Blanco da Manu Mérin, suka sake ɗauko ta da gaske.

Sai dai a Faransa kamfanin da ke biyan ƴan wasa ba shi ke da lasisin shiga gasa ba. Lasisin yana hannun ƙungiyar asali ta ƴan sha'awa, ta tsofaffin ƴan wasa da masu horar da yara da iyayensu, kuma sai da yardarsu. Magoya baya suka fito zanga-zanga, a watan Yuni aka kaɗa ƙuri'a, ba a samu rinjayen da doka ta nema ba. Blanco ya ajiye muƙaminsa, Mérin ma haka.

Ba a yi wa waɗanda suka ƙi adalci ba idan aka ce son zuciya ne kawai. Bayonne gari ne na tashar jiragen ruwa da ƴan ƙwadago, ja da fari a wajensu rigar masu otal ce da ƴan hutu. Ɗan Biarritz kuma yana ganin shuɗi da fari za su haɗiye shi, tunda Bayonne ta ninka garinsa yawan jama'a. Gabar da aka gada tun kakanni ita ce ke cika fili ranar da suka haɗu, in an kashe ta me za a sayar? Tambaya ce mai ma'ana. Amma amsar da Bordeaux ta bayar tana da nauyi. A 2006, shekarar da Biarritz ta ci kambunta na ƙarshe, Stade Bordelais da Bègles, su ma tsofaffin abokan gaba, suka haɗe a rukuni na biyu. Ƙungiyar da ta fito daga wannan aure ta hau Top 14 a 2011, tana tara ƴan kallo wajen 30,000 a wasanninta na gida, kuma a watan Mayun 2025 ta ɗauki kofin Turai da Biarritz ta nema sau biyu ba ta samu ba.

Daga hannu zuwa hannu

Abin da ya biyo bayan 2015 ya fi kama da cinikin tsohuwar mota. A 2018 masu binciken asusu suka yanke wa ƙungiyar hukuncin saukarwa, sai iyalan Gave, masu kamfanin ba da shawarar zuba jari a Hong Kong, suka zuba kuɗi suka cece ta, suka ɗora Jean-Baptiste Aldigé a kan shugabanci. Aldigé ya gano ciwon daidai: filin Aguiléra mallakar ma'aikatar magajin gari ne, ya tsufa, ba shi da isassun ɗakunan manyan baƙi da wuraren cin abinci da shaguna, alhali daga nan ne kulob na zamani ke samun kuɗi ko da wasa ko babu. An tsara a gina gidaje a filayen da ke kewaye, a yi amfani da ribar wajen sabunta filin. Maider Arosteguy, wadda aka zaɓa magajiyar gari a 2020, ta janye daga tsarin a farkon 2021, tana mai cewa nauyin ya fi ƙarfin asusun garin. Aldigé ya mayar da martani da barazanar kwashe ƙungiyar kacokan zuwa Lille, can arewa kusa da iyakar Beljiyam. Daga nan sai cacar baki a jaridu da zuwa kotu, shekara uku ana abu ɗaya. Ganin ciwo dabam, iya magani dabam: wanda ke neman gari ya gina masa fili ba ya fara da cewa zai bar garin.

A tsakiyar wannan rikici ne aka yi ranar da ƴan Biarritz ba za su manta ba. Ranar 12 ga Yunin 2021, wasan raba gardama na hawa Top 14 ya haɗa su da Bayonne a Aguiléra: in Biarritz ta ci ta hau, Bayonne ta sauko. Minti 80 suka ƙare 3 da 3, ƙarin lokaci 6 da 6, ba wanda ya dangwala ƙwallo. Aka koma bugun sanduna ɗaya bayan ɗaya, abin da ba kasafai ake gani a wannan wasa ba. Da Aymeric Luc na Bayonne ya ɓarar, sai Steffon Armitage, ɗan Ingila wanda bugu ba aikinsa ba ne, ya zura tasa. Jama'a suka ɓarke cikin fili, dokokin korona ko oho.

Daɗin bai wuce shekara ba. A 2022 Biarritz ta sake ƙarewa a ƙarshen teburi ta sauko, Bayonne kuwa ta ci Pro D2 ta koma sama, suka yi kiciɓis a kan tsani. Bambancin shi ne abin da kowa ya yi da shekarun. Bayonne, ƙarƙashin Philippe Tayeb da haɗin kan magajin garinta, ta sake gina rumfunan filin Jean-Dauger ɗaya bayan ɗaya, ta cika shi da masu tikitin shekara, ta tara ƙananan kamfanoni masu yawa maimakon attajiri guda. A kakar 2024-2025 ba wanda ya ci ta a gida a gasar, ta ƙare ta 4. Har Anoeta ɗin ma yanzu ita ke zuwa.

Wani zai ce ai Castres na nan, garin da bai wuce mutum 42,000 ba, kuma attajiri ɗaya ne ya raine ta, Pierre Fabre mai kamfanin magunguna. Haka ne, kuma ta ci gasar a 2013 da 2018. Amma Fabre ɗan garin ne, masana'antunsa suna yankin, kuma kafin rasuwarsa a 2013 ya mayar da mafi yawan hannun jarin kamfanin ga wata gidauniya, ta yadda tallafin bai bi shi kabari ba. Kampf baƙo ne mai ƙauna, abin da ya ɗaure shi da Biarritz amini ne.

A 2024 iyalan Gave suka gaji, suka sayar da ƙungiyar ga wasu tsofaffin ƴan wasa uku ƙarƙashin Shaun Hegarty a kan Yuro 1 tak, CFA 656, kuɗin da bai kai jika guda ba. Farashin ya faɗi gaskiyar lamarin: bashi da alƙawura aka saya. Sababbin masu ita suna da ƙaunar riga amma ba su da zurfin aljihu, shekara guda bayan nan hukuncin A2R ya faɗo.

Wanda ya cike ramin a wannan karo shi ne Pierre-Édouard Stérin, hamshaƙin attajirin da ya yi arziki da kamfanin Smartbox, mazaunin Beljiyam, ta hannun asusun jarinsa Otium, wanda ya samu rinjaye a ƙungiyar. Sunansa ya fi fitowa a shafukan siyasa. A watan Yulin 2024 jaridar L'Humanité ta fallasa takardun wani shiri nasa mai suna Périclès, na kashe Yuro miliyan 150 cikin shekara 10 domin share wa ƴan ra'ayin riƙau da masu tsattsauran ra'ayin ƙyamar baƙi hanyar mulki. Shi ya sa shigowarsa ta raba kan jama'ar yankin, wasu na cewa kuɗi ba su da jam'iyya, wasu na tambayar abin da mutumin da ba ɗan garin ba, ba kuma sanannen ɗan zari-ruga ba, yake nema a kulob ɗin da manyan gwarazansa biyu aka haife su a Caracas da Kumba.

Ta fuskar lissafi, abin da ya canza kaɗan ne. A 2025 filin Aguiléra yana nan yadda yake, a hannun ma'aikatar magajin gari. A ƙarshen watan Agustan 2025 aka buɗe sabuwar kakar Pro D2, Biarritz ta shiga da tarar maki a wuyanta, a rukuni ɗaya da Béziers da Agen.